Yadda Za Ka Nemi Mastas a Fannin Lafiyar Ƙwaƙwalwa Ba Tare da Taka Ta Taɓu Ba

Kafin ka kashe ko sisi a kan fom, fara da mutanen gida. Ka bari sai an ci tuwon dare an natsu, sannan ka sanar da su cewa za ka koma jami'a neman digiri na biyu, ka koyi yadda ake zama da mai damuwa a saurare shi har ya samu sauƙi. Daga nan ka ja bakinka. Hajiya za ta ajiye carbi ta dube ka da kyau, ta ce, "Kai, ko dai akwai abin da ke damunka ne kake ɓoye mana?" Kawu zai ce to, likitan mahaukata ke nan za a yi a gidan, ya kuma ba ka labarin wani da ya sani wanda ya yi irin wannan karatu, yanzu shi kaɗai yake hira a bakin titi. Gwaggo ce dai za ta fi ba ka wuya: "Shawarar ma sai an yi mata digiri har biyu? Ni da na gyara auren rabin unguwar nan, aji nawa na shiga?" Kada ka ja da ita. Ta fi ka jama'a yau, kuma za ta fi ka ranar da ka karɓi takardar kammalawa.

Amma ka daure ka gyara wa Kawu zance ɗaya, don kada gobe ya turo maka maƙwabci riƙe da katin asibiti. Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne. Ya yi shekara 6 a makarantar likitanci, ya ƙara wasu shekarun na ƙwarewa, shi ke rubuta magani, shi ke ba da gado a irin asibitocin Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano, ko na Maiduguri. Kai kuwa kayan aikinka kujera biyu ne da ɗaki mai ƙofa. Ba allura, ba ƙwaya, ko farar riga babu. In farar rigar ce ta ja ka, ba ka makara ba, kuɗin fom ɗinka na nan a aljihu.

Sai zaɓen makaranta. A nan ƙasar da wuya ka ga kwas ɗin ɗauke da sunan lafiyar ƙwaƙwalwa ɓaro-ɓaro. Yawanci yana zaune ne a tsangayar ilimi da sunan jagoranci da ba da shawara, abin da ɗalibai ke kira Ji-an-Si, kuma ana yin sa a Jami'ar Bayero, da ta Ahmadu Bello a Zariya, da ta Usmanu Ɗanfodiyo, da ta Maiduguri. Mai son ɓangaren asibiti zalla sai ya leƙa sashen nazarin halayyar ɗan'adam a irin su Jos da Ibadan, su kuwa sun fi buɗe ƙofa ga wanda ya yi digirinsa na farko a fannin. Idan kimiyyar siyasa ka karanta ko tarihi, ka shirya jin cewa sai ka fara yin difilomar koyarwa ta gaba da digiri tukuna. Masana za su ce ka duba malaman sashen da irin binciken da suke yi kafin ka zaɓa. Shawara ce mai kyau. Tawa ita ce ka duba garin da kake da ɗan'uwa mai shago a ƙofar gida wanda babu kowa a ciki.

Yanzu zazzage jakar takardunka a kan tabarma. Ana son kiredit biyar na sakandare, har da Turanci da lissafi. Za ka ce me ya haɗa lissafi da share wa mutane hawaye. Riƙe tambayar, za ka samu amsarta ranar da aka shiga darasin ƙididdigar bincike, inda masu son taimakon al'umma kan fara neman mai taimakonsu. Ana son digiri mai daraja ta biyu, ko da ƙaramar ce, kodayake wasu sassan ba sa ɗaga kai su dubi wanda makinsa bai kai 3.00 ba. Ana son takardar gama bautar ƙasa, ko ta yafewa ga wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala. To a nan ne za ka gano cewa kai mutum uku ne. A takardar firamare sunanka Muhammadu, a ta WAEC Mohammed, a katin ɗan ƙasa kuwa wani ya gajarce shi zuwa Muh'd don layi ya yi masa tsawo. Ranar haihuwarka a ɗaya 1 ga Janairu, a ɗayar kuma ranar da hedimasta ya ga dama. Je ka kotu ka yi rantsuwa cewa duk waɗannan bayin Allah kai ne. Rikicin sanin kai babi ne guda a karatun da kake nema, ka ga ka shiga aji da ƙafar dama.

Babban dodon shi ne tiranskirif, wato cikakken sakamakonka da tsohuwar jami'arka za ta aika wa sabuwar a rufe. Kada ka yarda da mai ce maka ta intanet ake yi yanzu, kwana biyu ya fito. Ta intanet ake biyan kuɗin dai. Sauran aikin da ƙafa ake yin sa, zuwa da kai ya fi saƙo. Za ka isa ofishin da ƙarfe tara, a ce mai makullin ya tafi miti. Ka dawo bayan azahar, a ce ya dawo ya sake fita. Washegari ka same shi, mutumin kirki, ya ba ka kujera, ya jawo wani fayil mai ƙura daga ƙasan kabad, ya busa, ya buɗe, ya ce sakamakon zangonka na biyu a aji biyu babu shi, sai dai a tambayi malamin da ya riƙe ajin. Malamin ya yi ritaya. Wanda ya gaje shi yana Maleshiya yana karatu. A wannan lokacin za ka ji wani abu ya taso maka daga ciki ya tokare maƙogwaro, hannunka na rawa, kunnenka na zafi. Kada ka yi masa tsawa. Ka lura da abin da jikinka ke yi, ka ja numfashi a hankali, ka ƙirga zuwa goma. Nan gaba abin da za ka riƙa koya wa mutane ke nan, kuma ba za su san a ofishin wa ka ƙware ba.

Biyan kuɗin fom ba shi da wuya. Ka je kafe, yaron ya ciro maka lambar Remita, ka biya, banki ya cire kuɗin, shafin makarantar ya ce bai san da zancen ba. Ka ajiye rasit. Ka yi masa hoto kala uku, ka ba Hajiya ɗaya ta sa a ƙarƙashin katifa.

Za a nemi mutum uku da za su shaide ka, akasari biyu daga cikin malaman da suka koyar da kai. Wannan ne lokacin tunawa da malamin da ba ka ƙara gaisarwa ba tun ranar da ka miƙa furojet. Kada ka faɗa masa da buƙata kai tsaye, ba tarbiyya ba ce. Fara da saƙon barka da Juma'a mako biyu a jere, a na uku ka kira ka tambayi iyali, sannan ka ce, "Ranka ya daɗe, dama wata 'yar alfarma ce." Ba zai tuna ka ba, amma zai ce ya tuna. Zai kuma ce ka rubuto wasiƙar da kanka ya sa hannu. To ka ji tsoron Allah wajen yabon kanka. Wasiƙar da ta ce ba a taɓa yin ɗalibi irinka ba tun kafa sashen, alhali makinka 2.61, ko masinja ba zai yarda da ita ba.

In an kira ka ganawa, ko an ce ka rubuta dalilinka na son kwas ɗin, akwai jimlar da zan roƙe ka ka haɗiye: "Ni dama mutane suna yawan zuwa wajena neman shawara." Duk wanda ke zaune a bencin nan na waje abin da ya zo faɗa ke nan. Kuma ita ce babbar shaidar cewa ba ka san inda ka nufa ba. Mu mutane ne masu arzikin nasiha. Ka ce kanka na ciwo a cikin motar haya, kafin a kai tasha ka samu magani bakwai da wa'azi biyu. Wanda duk ya kawo kuka, amsarmu a shirye take: a yi haƙuri. An sake ta da goyo, haƙuri. Ya rasa aiki ya daina barci, haƙuri, wasu ma ba su da ƙafa. Haƙuri abu ne mai kyau, babu mai musu, amma ba sai ka biya kuɗin makaranta na shekara biyu ba kafin ka iya faɗinsa. Abin da za a sayar maka a wannan kwas shi ne abin da ya fi ƙaranci a kasuwarmu: ka zauna gaban mutum minti hamsin yana magana, ba ka katse shi ba, ba ka ce "ai ni ma haka ta taɓa faruwa da ni" ba, ba ka yanke masa hukunci ba. Ba'amurken nan Carl Rogers a kan wannan ya gina sunansa tun shekarun 1940 da 1950, cewa mai damuwa ya fi kowa sanin inda ke masa ciwo, aikinka ka karɓe shi yadda yake, ka taya shi jin kansa. Gwada a gida yau da dare. Ka saurari ƙaninka minti biyar ba ka ba shi shawara ba. In ka kai uku, kana da baiwa.

Idan kana son masu ganawar su gyara zama, ambaci Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta, inda majinyata ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu suna zuwa asibiti da rana, har ma ya yi aiki da masu maganin gargajiya. Ambatonsa zai nuna ka san cewa mai zuwa wajenka ba daga sama zai faɗo ba. Kafin ya iso an yi masa ruƙiyya, ya sha rubutu, an turara shi, wata ta ce sammu ne, wani ya ce mutanen ɓoye ne. Ranar da ka buɗe baki ka yi wa wannan dariya, ranar ce ta ƙarshe da za ka gan shi. Dole ka iya zama da imaninsa, ka kuma gane lokacin da abin ya fi ƙarfin hira, ka ce wa dangi a tafi asibiti yau, ba gobe ba.

Sai sirri. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma a wannan sana'a doka ce. Idan ka san kai ne mai fara zance da "kada ka faɗa wa kowa, amma," ka nemi mastas a wani fannin, ga aikin jarida nan. Ke kuma 'yar'uwa, tun da ku ne kuka fi yawa a ajin, ki shirya: daga ranar da aka ji abin da kike karantawa, duk biki sai wata ta ja ki bayan ɗaki da matsalar kishiya, duk saurayi kuma sai ya ce, "To faɗa mini abin da nake tunani yanzu." Ki ce masa kuɗin zama tukuna.

Mai hangen Amurka, can kwas ɗin yana da sunansa na kansa, kuma shirye-shiryen da hukumar CACREP ta amince da su kiredit 60 ne, da awa 100 na gwajin farko, da awa 600 na aikin horo a ƙarƙashin mai sa ido, bayan jarrabawar Turanci da kuɗin makaranta da dala. Ka buga lissafin da canjin yau. In ka farfaɗo, mu ci gaba.

A nan gida, a takarda karatun wata 18 ne zuwa shekara biyu. Kada ka yi wa kowa alkawari da wannan lissafi, musamman iyayen yarinya. A 2022 ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, bayan na 2020 da ya ci wata tara. Ga kuma mai duba kundinka, wanda zai riƙe babi na ɗaya har ka manta abin da ka rubuta. Lokacin aikin horo wataƙila a tura ka wata sakandare, shugaban makarantar ya yi murna da zuwanka, ya miƙa maka bulala ya ce ka tsaya a get ka tare 'yan latti, tun da kai ne masanin halin yara. Ka karɓa da ladabi, ka jingine ta a bayan ƙofa. Idan kuma nauyin labaran mutane ya fara hana ka barci, ka nemi wanda zai saurare ka kai ma. An san wanzami ba ya son jarfa, amma a wannan fanni ana so mai sauraro ya kasance da nasa mai sauraron.

Za ka yi arziki? A'a. Wannan kam gara ka ji daga bakina. Amma aikin yana nan jibge. Binciken da aka yi a 2018 da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, a shekarar da gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin. A 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma iyaye ne suka kai da yawansu da hannunsu don ba su san wata ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar mutum sama da miliyan 200 'yan ɗaruruwa ne kawai. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da muka gada daga Turawa. Ga waɗanda rikicin Arewa maso Gabas da na 'yan bindiga ya raba da gidajensu, kuma yawancinsu da Hausa ko Kanuri ko Fulatanci za su iya faɗin abin da suka gani, ba da Turanci ba.

Saboda haka ka sayi fom ɗin, Allah ya ba da sa'a. Amma maganar tiranskirif, kada ka jira a fara sayarwa. Gobe da sassafe ka kama hanya, ka tafi da caja da ruwan sha.