Gwanayen Iyo na Kan Benci

Tun da Allah ya hore mini zama a majalisar unguwarmu ta Nima, cikin birnin Akra, inda muke haɗuwa bayan la'asar a kan benci biyu da tabarma ɗaya, babbar kwata tana wucewa ta bayanmu da abin da ta kwaso, ban taɓa jin labarin da ya tone ɗabi'un mutane kamar labarin matar nan da ta yi iyo a kogin Volta ba. Sunanta Yvette Tetteh, kuma a shekarar 2023 ta yi iyon kilomita 450 cikin kwana 40, tsakanin Buipe can arewa da Ada inda kogin ke zuba cikin teku, jirgin masu bincike yana biye da ita suna ɗibar ruwa suna aunawa, domin ita da ƙungiyar The Or Foundation su nuna wa duniya ɓarnar da tsummokaran gwanjo ke yi wa ruwan ƙasar Gana. Iyakar labarin ke nan, amma majalisarmu ta yi mako guda tana bahasi a kansa.

Wanda ya fara buɗe baki shi ne mai lissafi, wanda bai yarda akwai mahaluƙin da zai shiga ruwa kyauta ba sai kwaɗo. Ya ce, "Nawa aka ba ta?" Da aka ce masa don ruwan ta yi, sai ya ce, "Ruwan ne ya roƙe ta?" Ya zaro waya ya raba 450 gida 40, ya sami kilomita 11 da 'yan kai a kowace rana, ya tambayi yaron mota nawa ake biya a irin wannan tazara, sa'an nan ya yanke hukunci cewa da ta zo gare shi tun farko, da ya ba ta kuɗin mota ta huta.

Na kusa da shi kuwa shi ne gwanin iyo na baki, kuma irinsa kowace majalisa tana da guda. Shi dai a faɗarsa, zamanin ƙuruciya ya ƙetare Kwara a Yawuri da damin kaya a ka, goro a kunci, bai bari ko hularsa ta jiƙe ba. Illa dai mun lura cewa kogin yana ƙara faɗi duk lokacin da aka maimaita hikayar, har a bara gaɓar tsallake ta daina ganuwa, bana kuma dorina ta shigo cikin labarin. Wani ɗalibi ya so ya ƙure shi, ya ba shi labarin Martin Strel, mutumin Sulobeniya da ya yi iyon kilomita 5,268 a kogin Amazon cikin kwana 66 a shekarar 2007, alhali ya haura shekara 50 da haihuwa. Gwani ya yi shiru, ya sosa gemu, ya ce, "Da jirgi a bayansa?" Aka ce da jirgi. Ya ce, "To, ai shi ke nan." Wannan bawan Allah ni da idona na gan shi a daminar da ta wuce, ruwa ya kwanta a lungunmu bai kai idon sawu ba, ya naɗe wando har cinya, ya rataya takalma a wuya, ya tsaya ƙarƙashin rumfar mai shayi yana salati har aka kira magariba, sai da wani yaro ya jera masa duwatsu uku ya taka.

Malam shi ne ya fi kowa ɗaukar al'amarin da girma, domin shi ko labarin ƙwallo aka kawo sai ya fitar da mas'ala a cikinsa. Ya gyara rawani ya ce, da a ce musulmi ne ya ɗauki irin wannan tafiya, shin matafiyi ne da ƙasaru ta halatta gare shi, ko kuwa mazauni ne tun da yake a jirgi ɗaya yake kwana? In kuma yana azumi igiyar ruwa ta rinjaye shi ta wuce maƙogwaro, ramuwa kaɗai ta hau kansa ko har da kaffara? Kafin a amsa ya gangaro babin tsarki, ya kawo abin da Ashmawi da Risala suka tabbatar, cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya jirkita saboda najasa ba ya inganta ga ibada, ba ya kuma inganta ga al'ada. A nan dole in yi masa adalci, domin duk majalisar shi kaɗai ya ambaci ruwan, sauranmu matar muke magana. Kuma abin da masu binciken ke nema da kwalabe da madubin ƙara girma, wato zaren tufa da ido ba ya gani, ɗan'uwan abin da fuƙaha'u suka daɗe suna nema da ido da harshe da hanci ne. Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan fa'ida ce babba." Ya yi murmushi, ya ciji kusurwar ledar ruwa, ya yi alwala cikakkiya ba israfi ko ɗigo, ya kuma cilla ledar ta bayan kafaɗa cikin kwata, ko waiwaye bai yi ba.

Mai asiri ba ya doguwar magana. Ya ce ƙarya ne ɗan Adam ya yi kwana 40 a ruwa ba da yarjejeniya da mutanen ciki ba, kuma duk wanda ya duba damtsenta da kyau zai ga laya. An gaya masa cewa abin tsoro a tafkin Volta shi ne tsargiya da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, waɗanda kan fasa jirage, sai ya ce ai da ma ta nan suke ɓullowa.

Akwai kuma dattijonmu, wanda kowane zance ƙofa ce gare shi zuwa zamanin da. Shi abin da ya dame shi, matar ta ratsa ta kan tsohon garin Kete Krachi, wanda ruwa ya ci bayan an gama madatsar Akosombo a 1965, garin da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya yi limanci har rasuwarsa a 1934, inda kuma fatakenmu suka riƙa sauke kanwa suna ɗaukar goro. Ya ce ta wuce ta kan rumfar kakansa ba ko sallama. Sa'an nan ya dubi samarin da ke wurin ya ce, "Kakanninku Gwanja ta kawo su ƙasar nan, ku kuwa kun ƙare a gwanjo."

Wannan magana ta soki ɗan gwanjo, wanda tun farko yake cika yana batsewa, yana ganin iyon nan duk sharri ne aka shirya wa sana'arsa. Shi kam ina tausaya masa, domin sayen dila a kasuwar Kantamanto cinikin biri a sama ne: zai biya kuɗinsa a kan ƙunshin da aka ɗaure da ƙarfe a Ingila ko Amurka, ya yanka da bisimilla, ya tarar da 'yan riguna masu kyau a sama, ƙarƙashinsu kuwa yagaggu, da masu tabon maiƙo, da jibga-jibgan rigunan sanyi waɗanda ko ɓarawo ba zai ɗauka a zafin Akra ba. Ƙungiyar da ta shirya iyon ta ƙiyasta cewa tufafi wajen miliyan 15 ke shiga kasuwar kowane mako, kuma kashi 40 cikin ɗari suna fita a matsayin shara. Da aka karanta masa wannan adadi sai fushinsa ya juya, ya rantse cewa a dilarsa ta makon jiya sharar ta fi haka, ya nemi a ba shi lambar matar.

Ana cikin haka wani saurayi ya kawo shawara cewa tun da mace ta yi wannan don kogi, mu maza mu yashe kwatar bayanmu. Nan take mai alkawari ya miƙe, irin mutumin nan da ba a rufe taron gudummawa sai an ji muryarsa, ya ce a rubuta masa sidi 10 a kan kowace kilomita da ta yi. Aka yi kabbara. Mai lissafi ya latsa waya ya ce sidi 4,500 ke nan, Alhaji. Alhaji ya zauna a hankali, ya ce a duba takarda da kyau, domin shi ya haɗa da in sha Allahu, kuma har yanzu bai ga alamar an so ba. Wani kuma, mai son jawabi, ya ce shi aikin shebur ba nasa ba ne, amma ranar da aka gama a sanar da shi da wuri don ya kai babbar rigarsa guga.

Saura mai rubutu, wato ni, wanda bai iya iyo ba, bai riƙe shebur ba, kwat ɗin da ke jikinsa ma daga dilar maƙwabcinsa ta fito, amma ya ga aibin kowa daki-daki. Ni aka damƙa wa takardar sunaye, kuma tana nan cikin aljihun kwat ɗin. Kwatar kuwa tana nan tana kwasar leda da tsumma zuwa rafin Odaw, daga can zuwa tafkin Korle, daga can zuwa teku. Duk wanda ya ga kamanninsa a cikin wannan rubutu, kada ya ɓata lokaci zuwa gidana neman ba'asi. Ya same ni a bakin kwata ranar Asabar bayan asuba, ya taho da shebur biyu, domin ni ma ba ni da shi.