Masu Hidimar Kirsimeti a Ƙasar Gumel

Mu Kiristocin ƙasar Gumel ba mu da yawa, don haka kowa ya san abin da ke tukunyar kowa. Da Disamba ta kama, hunturu ya sauko, sai halaye su fito fili.

Jagoransu shi ne Baba Mai-Sa. Akuya ɗaya ta ishi gidansa, amma tun da ya ji maƙwabci ya ɗaure rago, ya ce shi bana sai sa. Ranar Alhamis da asuba yana tasha, ya nufi kasuwar Maigatari, inda dabbobin Nijar ke kwararowa, tireloli kuma na jiran lodin Legas da Anaca. Da waɗannan fatake zai yi takara, shi da 'yar fanshonsa. Dillali na hango babbar riga sai ya tarye shi: "Yallaɓai, wannan ai kai yake jira." Baba ya ɗaga leɓen sa yana duba haƙora, shi da ko kaza bai taɓa kiwatawa ba. Ya taya, a ce albarka. Ya ƙara, a ce sefa ta tashi. Ya sake ƙarawa. Kafin la'asar ya biya kuɗi, ya biya la'ada, ya biya mota, ya iso da maraƙin da ake iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. A ƙofar gida yake ɗaure shi, daidai hanyar masu zuwa majami'a. Ranar 25 ga wata kuwa yana can wajen fiɗa har a gama karanta Luka sura 2, inda Yusufu da Maryamu suka kai hadayar tsuntsaye biyu, irin ta masu ƙaramin ƙarfi. Bashin sai Ista ake gama biya.

Akwai Ɗan Abuja, mai motar aro, makulli a yatsa ko a lokacin addu'a. Akwai wadda ke kwana a shagon tela daren 24, ta iso sujada da riga ba zif. Ɗan'uwanmu da ya noma riɗi a Gagarawa ya sayar da buhunansa, ya sayo lasifikar da ta fi ƙarfin ɗakinsa. 'Yan hoto kuwa ta waya suke kallon fasto.

Duk waɗannan ina musu dariya. Mama Mai-Anko ce ba na iya yi wa. Ita ke zuwa Kantin Kwari a Kano ta zaɓo atamfa mafi tsada da sunan zumuntar mata, ta yanka farashi, ta yanka rana, sannan ta miƙe bayan sujada tana karanto sunayen waɗanda ba su biya ba. "'Yan'uwa, ai don mu fito kai ɗaya ne." Gwauruwar da ke baro ƙauye daga Sule Tankarkar duk Lahadi, da kuɗin motar da ta tara da ƙyar, sai ranar Kirsimeti ne zazzaɓi ke kama ta. Kowa ya san sunan zazzaɓin. Mama kuma ita ce a gaba wajen rera waƙar jaririn da aka rasa wa masauki.

Sai wani malami mai rubutu a mujalla, wanda duk shekara yake zare ido kan almubazzaranci. Shi ba ya yanka ko zakara, wai saboda aƙida. Da azahar za ka gan shi a ƙofar Baba Mai-Sa ya zo barka da Kirsimeti, da 'yar kula a hammata. Bana na sayi wadda ta fi girma.