Yadda Za Ka Sayi Janareta a Widi Ka Zama Kamfanin Wutar Unguwa

Janareta a watan Disamba ake sayensa, lokacin da hunturu ya sauka, mutanen Wagadugu sun shige bargo, mai shago a kasuwar Rood Woko yana zaune yana hamma, ka taya yadda ka ga dama ya sallama. Wannan ita ce shawarar masu hankali, kuma na san ba za ka bi ta ba. Sai watan Afrilu ya raba za ka tashi, zafi ya haura digiri 40, an ɗauke wuta ƙarfe biyun dare, ƙaramin yaro yana tsala ihu, uwargida tana yi masa fifita da murfin tukunya tana kallonka ba ta ce uffan ba. Wannan kallon ne ke sayar da janareta a ƙasar nan. To, tunda ka riga ka yanke, zauna mu yi magana.

Ka fara da haddace dalilin ɗaukewar wutar, saboda nan gaba kaɗan kai ma za ka riƙa tsayawa a ƙofar gida kana yi wa jama'a irin wannan bayani. Wutar da kamfanin SONABEL ke rabawa, wani babban kaso daga maƙwabta ake sayo shi: layin Kwaddibuwa ya iso Wagadugu a 2009, na Bolgatanga ta Gana ya biyo baya a 2018. Sauran daga injinan Kossodo da Komsilga masu shan mai yake fitowa, da madatsun Bagré da Kompienga waɗanda ruwansu ke ja baya daidai lokacin da kowa ya kunna fanka. Akwai kuma tashar hasken rana ta Zagtouli da aka buɗe a Nuwamban 2017 mai megawat 33, baiwar Allah mai aiki tuƙuru, sai dai da magariba take tashi daga aiki, a lokacin da kai kake fara bukata. Daga Maris zuwa Mayu abin da gari ke nema ya fi abin da ke hannu, sai a riƙa yanka wa unguwanni bi da bi. Shi ne delestaj. A Oktoban 2023 an sa hannu a takarda da Rosatom ta Rasha kan gina tashar nukiliya. Allah ya nuna mana. Kafin nan dai ka nemi jarka.

Widi unguwar Widi Naba ce, shugaban mahaya dawakin Sarki Moro Naba, saboda haka bai kamata a yi maka dogon bayani ba: abin da za ka kawo gida doki ne. Turke za ka kafa masa, kullum sai ka ba shi abinci ko ka hau ko ba ka hau ba, yana haniniya cikin dare, kuma in ka zagaya bayansa da ganganci zai harbe ka. Mai hankali ba ya sayen ingarma alhali kuɗin dusar akuya gare shi.

A kasuwa za a nuna maka ɗan ƙaramin nan mai hannu a ka, wanda 'yan uwanmu na Najeriya suka yi wa kirari da "na fi maƙwabcina", har hukumar kwastan ta can ta hana shigo da shi a 2015, shi kuwa ko a jikinsa. A gefensa an rubuta 950 da manyan lambobi. Kada ka yarda da lambar. Ƙarfinsa na gaskiya wajen wat 650 ne, sauran fatan alheri ne daga masana'anta. Zai ɗauki ƙwan fitila biyar ko shida na zamani, fanka biyu, talabijin da cajin waya. In ka jona masa dutsen guga, wanda shi kaɗai yake cin wat 1000, za ka ji ya yi wani nishi, fitilu su yi ja, sannan shiru. Firji kuma munafuki ne: yana aiki ba ya cin abin kirki, amma a daƙiƙar da injinsa zai tashi yakan fizgi ninki uku ko fiye. Don haka kafin ka fita ka zauna da takarda ka tara abin da kake son kunnawa, ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kai. In ka gama, ka ninka biyu, don ba ka lissafa maƙwabta ba.

Mai shago zai rantse maka ɗan Japan ne. Ka ce masa Allah ya ƙara wa Japan albarka, amma a tayar da shi a gabanka, a jona masa kaya, ya yi minti goma yana aiki kafin ka zaro kuɗi.

Yanzu batun ci. Tun da aka kai litar fetur sefa 850 a 2023, wato dala 170 a lissafinmu, ƙaramin inji mai shan rabin lita a awa, in ka ba shi awa biyar kowane dare, ya lashe jika biyu da 'yan kai. A wata ya haura jika 60. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar jika 45 ne. Ka ga ke nan ka ɗauki ma'aikacin da ya fi wasu magidanta albashi, ba ya gaisuwa, ba ya zuwa aike, kuma ba ka isa ka ce masa ya yi haƙuri sai ƙarshen wata ba. In ɗan ƙaramin ne, sai ka gauraya masa man inji a cikin fetur, kashi ɗaya cikin hamsin. Ka rage, inji ya ƙone. Ka zarce, hayaƙi ya turnuƙe har a zo yi maka jajen gobara. Fetur ɗin kwalba na bakin titi kuwa, ka ɗaga shi saitin rana ka duba gindin kwalbar kafin ka biya.

Inda za ka ɗaure shi, a nan raha ta ƙare na ɗan lokaci. Tsoron ɓarawo zai raya maka ka shigar da shi ɗaki, ko kicin, ko zaure, ka ja ƙofa. Kada ka soma. A cikin hayaƙinsa akwai iska mai guba da ba ta da launi ba ta da wari, mutum yana barci take kama jininsa, kuma an sha wayar gari a ga iyali guda sun tafi ta haka. Gara ɓarawo ya ɗauke inji. Waje za ka ajiye shi, a sarari, nesa da taga da ƙofa, ka sa maƙeri ya yi masa keji mai rufi saboda damina, ka ɗaure da sarƙa da kwaɗo. In kana cikin ɗaki ka ji kai na sarawa da jiri alhali inji na aiki, ka fitar da kowa tukuna sannan ka yi tunanin ko zazzaɓi ne. Kada ka zuba mai yana aiki ko yana da zafi, kuma kada ka bari yaro ya haska maka tanki da ashana don taimako. Sannan ka kira mai gyaran wuta na gaske ya sa maka makunnin da ke raba layin gida da na kamfani. Masu cusa waya a soket kai tsaye suna tura wuta ta koma kan falwaya, inda wani bawan Allah ke rataye yana gyara, ya sakankance layi a mace yake. Ranar da wutar kamfani ta dawo ta tarar da taka a hanya kuma, ba sai na faɗa maka wanda zai ci kokawar ba.

To, a gidan haya mai tsakar gida ɗaya da ƙofa takwas, "nesa da taga" na nufin nesa da tagarka, kusa da ta wani. Nan siyasa ta fara. Duk wanda salansar injinka ta kalla, ya zama mai haƙƙi a kanka. Kada ka jira ya kawo ƙara. Tun ranar farko ka je da kanka ka yi sallama: "Baba, ga ɗan abin da muka samu, na ce a ja muku waya ɗaya saboda yara." Zai ce, "Kai, Alhaji, har da wahala? Allah ya ƙara buɗi." Ko ba ka taɓa zuwa Makka ba, daga ranar da inji ya tashi a gidanka ka zama Alhaji, ka karɓa kawai. Ƙwan fitila ɗaya ka ba shi. Bayan mako guda ka leƙa: wayar ta haifi fanka, fankar ta haifi rediyo, kuma akwai wata siririyar waya da ta haura katanga ta nufi inda ba ka sani ba.

Sai wayoyi. Ka tanadi faranti babba da jan-wuta mai baki da yawa. Da inji ya yi tari na farko, yara za su fara ɓullowa, kowanne da waya a hannu da saƙo a baki: "Wai in ji Hajiya, a taimaka a sa mata ko layi biyu ne." Wata wayar an ɗaure ta da roba, wata cajarta sai an tokare da dutse take ci, wata kuma ƙararrawarta za ta tashi ƙarfe huɗun asuba a ɗakinka da wa'azi. Ka manna wa kowace takarda da sunan mai ita, don ranar da biyu masu kama ɗaya suka haɗu za ka yi shari'ar da ko alƙali sai ya nemi a ɗage zama. Kuɗi kuwa kada ka karɓa. In ka karɓi dala biyar, ka zama ɗan kasuwa, ana da ikon yi maka tsawa. In ba ka karɓa ba, za a yi maka tsawar duk da haka, amma da ladabi.

Azumi in ya faɗo cikin bazara, kamar na 2024 da zafinsa ya gigita Sahel gaba ɗaya, muƙaminka zai ƙaru. Mai ƙanƙara da zoɓo za ta aiko a tambaya ko firjinka na da wuri. Ladan zai tare ka bayan la'asar ya yi maka addu'a mai tsawo, wadda ƙarshenta lasifikar masallaci ce da fankokin tarawihi. Wannan kada ka yi gardama, ka ɗauki inji ka kai, ita ce kaɗai fitar da zai yi ka samu lada tsantsa. Ranar wasan Étalons, ƙungiyar ƙwallon ƙasa, kuma ka fitar da talabijin tsakar gida tun da wuri, ka cika tanki. Unguwa ba ta manta da 2013 ba, da aka je har wasan ƙarshe Najeriya ta ci ɗaya mai ban haushi, kuma har yau in Bahaushe ya yi murmushi a lokacin da bai dace ba sai a tambaye shi ainihin ɓangaren da yake. In mai ya ƙare ana shirin buga fenariti, babu bayanin da zai wanke ka.

Tayar da inji shi ma ilimi ne, kuma a gaban jama'a ake jarrabawarsa. Ka buɗe mai, ka ja cok, ka taka ƙafa ɗaya a jikinsa, ka tattare babbar riga, ka fizgi igiya. Ja na farko gaisuwa ce. Na biyu zai yi "fur-fur" ya ba ka fata. Daga na biyar gumi ya fara tsiyaya ta haɓa, yara sun kewaye ka, wani dattijo daga kan tabarma yana cewa "buji ne," wani yana cewa "a'a, mai ne ya sha kansa." A na goma igiyar ta tsinke ta bar maka mariƙin a hannu. Kada ka yi zagi, akwai surukai a wurin. Ka ce "ikon Allah," ka aika a kira makanike. Zai zo a kan babur, ya kwance buji, ya kankare baƙin da ke bakinsa, ya hura, ya mayar, ya ƙulla igiya, ya ja sau ɗaya da hannun hagu inji ya kama. Dattijon farko ya yi gaskiya, kusan kullum buji ne, in ba shi ba to matatar iska ce da jar ƙurar Wagadugu ta toshe. Ka ajiye buji na biyu da sifana a cikin gwangwani, ka riƙa wanke matatar, ka juye mai daga kafireta in zai daɗe a ajiye. Mai babban inji kuma ya riƙa canza baƙin mai a kan lokaci. Ka yi waɗannan a ɓoye da rana, da dare ka ja sau ɗaya a ce kana da baiwa.

Wata rana dole aljihu ya gaza. An ɗauke wuta, unguwa ta yi tsit tana jiran tarin injinka, kai kuwa kana kwance kana lissafin kuɗin makaranta. Za a ƙwanƙwasa. "Alhaji, lafiya dai? Mun ji shiru." A nan haddar da ka yi za ta yi amfani. Ka fito da fuskar jami'i ka ce ana gyare-gyare don inganta aiki, ka ba da haƙuri bisa katsewar, ka ce za a dawo ba da jimawa ba. Kada ka faɗi rana. Da safe a wajen mai shayi za ka ji ana maganarka da kalmomin da kai da bakinka ka yi shekaru kana jifan kamfani da su: ba ya sanarwa, yana fifita wani ɓangare, wai gidan su wane ba a taɓa yanke musu ba. Har za a samu mai cewa da can wutar Alhaji ta fi ƙarfi.

In abin ya ishe ka, akwai mafita, kuma rana ce, wadda Allah ya hore mana fiye da bukata. Faifan sola ya cika kasuwa, tun 2020 ma ana haɗa shi a Kossodo. Kuɗin farko da na batir za su sa ka dafe ƙirji, ƙurar hunturu kuma sai ka riƙa hawa kana sharewa, amma babu jarka, babu igiya, babu hayaƙi. Masu son a san sun yi arziki suna kukan cewa ba ya ƙara. Kai da ka ɗanɗana sarauta, wannan shirun shi ne abin da kake saye. Ka sa a ɗora faifan kwance a bayan rufi inda ba a hangowa daga titi, ka ɗinka labule mai kauri, ka toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Injin kuma ka sayar wa Baba na ƙofar kusa a kan farashin mutunci, ka taya shi zaɓen inda salansa za ta kalla. Yaran gidanka ne kawai matsala, don kafin azahar sun gaya wa duk makarantar allo cewa fankarku ta kwana tana juyawa.