Busasshen Burodi Ya Samu Sarauta

Idan mai shayi ya miƙa wa Alhaji burodin da ya kwana, matsa shi zai yi da yatsa, ya haɗe rai, ya ce, "Haba Malam, wannan ai na jiya ne." To, ku bi shi gidan cin abinci na 'yan gayu a Abuja. Can za a ajiye masa yanka uku na burodi a tsakiyar ƙaton faranti, an gasa shi har ya yi ƙaraurau, an barbaɗa tumatir, a ce masa sunansa bruschetta. Sai ya gyara zaman hula. Hajiya kuwa ta ce kada kowa ya taɓa, sai Instagram ya fara ci. Bisimilla ta biyo baya.

Abin dariyar shi ne, a Italiya asalin wannan cimar manoma ce. Burodi ya bushe, ba a son a zubar, sai a ɗora shi a garwashi, a goga masa tafarnuwa, a zuba man zaitun da gishiri. A yankin Toskana da shi ake ɗanɗana sabon mai idan an tatsi zaitun wajen Nuwamba. Kuma da hannu suke ci. Namu kuwa sai ya ɗauki wuƙa da cokali mai yatsu ya shiga kokawa, burodin ya yi tsalle, tumatir ya sauka a kan shaddar da aka karɓo daga wanki da safe. Ma'aikacin gidan ya kau da kai, wai shi mai ladabi.

Haka 'yan gutsattsarin busasshen burodin da ake watsawa a kan salak. Salak ɗin Caesar ma, wanda wasu ke zaton na sarakunan Rum ne, wani mai gidan abinci ne, Caesar Cardini, ya haɗa shi a Tijuana ta ƙasar Meziko a 1924.

Ni ban ga laifin cin gasasshen burodi ba, daɗi gare shi. Abin da ke ɗaure min kai shi ne, gidan da ake yabon dabarar talakan Italiya, nan ne ake ɓoye kwaɗon ƙanzo a kicin idan an ji sallamar baƙi, alhali dabarar ɗaya ce: kada abinci ya tafi bola. Can a gidan cin abincin kuwa, Alhaji ya biya kuɗi mai tsoka, ya fito da yunwarsa, ya tsaya wajen mai tsire.

Hajiya, don Allah gobe a fito da ƙanzon nan. A sa shi a farin faranti, a rage yawansa, za ki ga masu ɗaukar hoto.