Fijo, Masa da Birran Yankari

Ƙungiya ce ta masu tsofaffin motoci, yawancinsu 'yan fansho, kuma abin da ya haɗa su Peugeot 504 ce, irin wadda masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975 ta riƙa harhaɗawa. Su dai Fijo suke ce mata, suna shafa ta suna lumshe ido. Ni ba ni da ko keke. Riƙon kular zoɓo aka ɗauke ni.

Shugaba ya yanke hukunci cewa liyafar bana a Yankari za a yi ta, da la'asar sakaliya. Daga Bauchi aka kama hanyar Gombe, aka karya kwana a Dindima. Tsakanin ƙofar Mainamaji da sansanin Wikki kilomita 40 ne da 'yan kai, amma ayarin ya yi ta jan ciki, don ba wanda ya yarda ƙurar wani ta taɓa masa fenti. Ma'aji na ta karanto mana cewa an keɓe dajin a 1956, an buɗe shi ga baƙi a 1962, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. Ba mai sauraro.

Da isarmu wani ma'aikaci ya matso. "Alhaji, a kulle motoci, abinci kuma kada a bar shi a fili."

"Yaro," in ji Shugaba, "tun ba a haife ka ba muke shiga daji."

Aka shimfiɗa tabarmi. Ga masar Bauchi cike da fanteka, ga miyar taushe, ga kilishi da dambun nama. Kafin a yi bisimilla wani ya ce injin Shugaba na tari. Shi ke nan! Aka ɗaga bonet, dattawa suka dunguma suka cusa kawuna, gardama ta sarƙe a kan kafireto ne ko fulogi.

Gwaggon birin Wikki ba baƙon mutane ba ne. Ya san leda, ya san kula, ya san yadda ake jan mariƙin ƙofa. Wani ƙato ya sauko ba gudu ba gaggawa, kamar mai gida ya zo karɓar haya, ya rungumi fantekar masa ya haye rufin motar Shugaba. Rufin ya ce ɓam, ya lotsa. Na biyu ya buɗe motar Ma'aji, ya zauna a kujerar direba yana yagar kilishi, gwiwarsa a kan oda. Da ƙarar ta tashi, sauran dangi suka ɗauka kiran cin abinci ne.

Ma'aji ya cire takalmi ya jefa. Birin ya cafe, ya sansana, ya haɗa da shi ya tafi. Shugaba kuwa, garin ja da baya yana "A'uzu billahi", ya zauna daram cikin miyar taushe.

Ruwan Wikki ɗuminsa digiri 31 ne rani da damina, mutane na zuwa daga nesa don su yi iyo. Mu babbar riga muka je wankewa. Aka yi magariba, aka raba zoɓo kofi ɗai-ɗai, ma'aikacin nan na gefe yana ta ƙoƙarin haɗiye dariya.

A taron da ya biyo baya an daɗe ana musu kan wanda zai biya mai bugun kwano. Ma'aji ya ce asusu babu kuɗi, sai dai in an fara da takalminsa. Liyafar baɗi an ce a garejin Shugaba za a yi.