Buhun Dabino a Kuɗin Makaroni

A 2009, da kamfanin Areva ya sami takardar haƙar yuraniyom a Imouraren, kowane mai kanti a Arlit ya hau lissafin dokin Rano. An ce ma'aikata dubbai na tafe, har da Turawa masu biya da kati. Kawuna bai tsaya wata-wata ba, ya sayo kwamfuta da 'yar na'urar nan mai jan haske wadda ake haska wa kaya ta ce "ƙit". Sai farashin yuraniyom ya faɗi bayan hatsarin Fukushima na 2011, aiki ya tsaya, a Yunin 2024 kuma gwamnatin Nijar ta karɓe takardar daga hannun Orano, sabon sunan Areva. Na'urar Kawu kuwa tana kwance cikin kwalinta, kyanwa na haihuwa a kai.

Ni na tono ta, don a san an kai ni lakwal.

Na zaunar da Kawu na yi masa darasi. Zanen nan baƙi da fari na bayan kwali lamba ce kawai, babu farashi a ciki. Kwamfuta ke riƙe da kuɗin. Tun 1974 ake aiki da shi a Amurka, da cingam aka fara. Na nuna masa makaronin da ke shigowa daga Tamanrasset ta Assamaka: lambarsa ta fara da 613, rajistar Aljeriya ke nan, 615 kuma ta Najeriya.

"To ɗan nan, dabino fa? Cuku fa? Gishirin Bilma fa?"

Babu ɗayansu da ya zo da zane. Amma mai ilimi ba ya rasa dabara. Na tattaro ledojin makaroni daga shara, na yanke zanensu da reza, na lilliƙa a buhunan dabino, da niyyar in gyara farashi bayan Azahar. Kafin Azahar Kawu ya aike ni tasha.

Yaron kanti ya haska buhu, na'ura ta ce dala sittin. Ya sake haskawa, ta nanata. Shi kuma na riga na gargaɗe shi cewa inji ba ya ƙarya. Buhun jika goma sha biyar! Kafin in dawo labari ya kai maƙwabciyarmu Akokan, layi ya miƙe har bakin titi, wani Buzu ya ajiye Toyota a ƙofa yana tambaya ko shayi ma ya sauka.

Ana cikin haka wata Hajiya ta miƙo salula ta ce a cire kuɗin a ciki, ta kuma karanto lambar sirrinta da ƙarfi, sau biyu, don yaron bai ji ta farko ba. Wani na bayanta har ya gyara mata lamba ɗaya. Wani saurayi mai baƙin tabarau ya nuna mini saƙo a wayarsa cewa ya turo jika ashirin, ya ce rezo ne ya riƙe, zai shigo. Ya ɗauki katan biyu na madara. Saƙon da hannunsa ya rubuta shi, har da kuskuren Faransanci. Kuɗin na nan tafe, kamar ma'aikatan Imouraren.

Abin da ya kashe maganar gaba ɗaya shi ne bashi. Tun da aka rufe mahaƙar yuraniyom ta Cominak a Maris na 2021, masu cewa "rubuta, sai ƙarshen wata" suka ƙaru, na'urar kuma ba ta da maɓallin wannan. Da magariba Kawu ya zare waya daga bango, ya jawo tsohon littafinsa mai maiƙo, ya lashi yatsa, ya buɗe sabon shafi. Sunana ya fara rubutawa.

Jama'ar Arlit da Akokan, duk wanda ya san ya ɗauki buhun dabino a dala sittin ranar Alhamis ɗin nan, don girman Allah ya zo ya cika. A albashina ake cirewa.