Situdiyon Zaure

Ƙanena a Daura ya mayar da zauren gidanmu situdiyo: waya ɗaya, makirufo na aro, sai katifa jingine a taga wai don ta tare hayaniya. Ranar farko aka ɗauke wuta. Kashegari janareton maƙwabci ya karɓi amshi. Rana ta uku, yana tsakiyar baitin Rijiyar Kusugu, akuyar Inna ta saki murya.

Ya ce zai goge kukan. Inna ta ce, "Kul! Ita kaɗai ce ba ta saɓa wa kiɗan ba."

Marigayi Mamman Shata kalangu da 'yan amshi suka ishe shi. Waƙar ƙanena dai ta zaga WhatsApp, amma har yau akuyar ake tambaya.